Wuri Zambar Ɗari Bakwai da Saba'in da Biyar: Tarihin Wata Lamba a Kasuwar Damagaram

Wata safiya, a wani ajin kwaleji inda nake koyar da Faransanci da Hausa, na rubuta wannan lamba bisa allo: 775.000. Na ce a karanta mini ita da Faransanci. Hannuwa suka tashi ko'ina, har da na ƴan bayan aji waɗanda ba su saba neman magana ba. Sai na ce to madalla, yanzu a maimaita mini da Hausa. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro, ɗaya daga cikin masu ƙoƙarin ajin, ya ce: « Mushe, ai Hausa ba ta kai nan ba. » Sauran suka yi dariya, kuma na lura dariyar ta amincewa ce da maganarsa.

Ban ga laifin yaron ba, domin abin da ya taso ya tarar shi ya faɗa. Tun daga ajin farko an nuna masa cewa ƙananan lambobi na gida ne da kasuwa, manya kuwa sai a bakin Nasara. Abin da bai sani ba shi ne, lambar nan ba daga littafin lissafi na ɗauko ta ba. A nan cikin Zinder aka yi cinikin da ya haife ta, a watan Janairu na 1853, shekara 46 kafin sojan Faransa su kama garin. Ina gayyatar ƴan uwana malamai mu bi sawunta tare, mu ga yadda kakanninmu suke ƙirga irinta, da abin da ya sa jikokinsu suka kasa kiran sunanta.

Baƙon da kuɗinsa suka zo cikin sukari

Heinrich Barth Bajamushe ne da ya yi yawon bincike a ƙasashenmu da sunan gwamnatin Ingila. A nan ana kiransa Abdul Karim. Ya baro Kukawa, babban birnin Barno, a ƙarshen watan Nuwamba na 1852, da niyyar zuwa Tambutu, ya iso Zinder ranar 25 ga Disamba. A lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Barno, kuma bai fi shekara arba'in ba da Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Duk da ƙuruciyar garin, hanyoyi biyu manya sun haɗu a cikinsa. Ayarin da ya taso daga Tarabulus, ya ratso Gat da Abzin, a nan yake sauke kaya kafin ya ƙarasa Kano. Matafiyin da ya fito Barno zai nufi Katsina ko Sakkwato shi ma nan ne mashigarsa. Birni mazaunin sarki ne da fadawansa, Zango kuwa masaukin ayari da fatake.

Barth ya zauna jiran guzuri daga arewa, domin aljihunsa ya yi sanyi. Ranar 20 ga Janairu 1853 aka kawo masa dalar azurfa 1.000, an ɓoye su cikin akwati biyu na sukari don kada ido ya kai kansu. Da yake ayari bai daɗe da sauka ba, kayan Larabawa da na Turai sun yi araha. Sai ya shiga sayen abin da zai riƙa yi wa sarakuna gaisuwa da shi a hanya: jajayen alkyabbu, fararen rawuna, madubai, kanumfari, asake da carbi. A littafin tafiyarsa, wanda aka buga a 1857 da 1858, ya ba da jimillar abin da ya kashe a wannan sayayya, wuri 775.000. Ranar 30 ga Janairu ya kama hanyar Katsina.

Mai karatu ya lura da abu guda. Azurfa ce a hannun mutumin, amma da wuri ya lissafa cinikinsa, saboda wuri ne ma'aunin farashi a kasuwar. Da shi ake taya kaya, da shi ake sallamawa, ko da a ƙarshe da azurfa ko da tufa za a biya. Ke nan duk dillalin da ya zauna tsakanin Barth da masu alkyabba dole ne bakinsa ya iya furta dubbai ɗari-ɗari, kansa kuma ya iya tara su da raba su, ba alli ba takarda.

Yadda ake ƙirga abin da ya fi ƙarfin yatsu

Shi dai Barth ɗin ne ya bar mana bayanin yadda ake ƙirgar. Shekara biyu kafin zuwansa Zinder, a watan Janairu na 1851, ya ga wani ɗan kasuwa a Tasawa yana ƙirga wuri 500.000 tare da mataimaka biyar ko shida. Ya lura cewa a ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen bakin teku. A warwatse yake, kuma ko buhun da sarki ya ɗaure, talaka ba ya karɓa sai ya zazzage ya ƙirga da hannunsa.

Mai ƙirga yakan zauna gaban tarin, yana jan wuri biyar-biyar da yatsunsa. Ja huɗu sun ba da ashirin, wadda ake kira hauya. Hauya goma ta zama tsibi na ɗari biyu, wato metan. Tsibi biyar sun zama dubu. Dubu ashirin kuwa su ake zubawa cikin jakar kaba a ɗinke, abin da Barth ya rubuta takrufa, wanda kuma ƙamusoshin Hausa suka adana da sunan keso. Keso hamsin shi ne zambar dubu, abin da muke kira miliyan a yau. Tsani ne mai hawa biyar: biyar sau huɗu, sau goma, sau biyar, sau ashirin. A kowane hawa akwai abin da ido zai gani a ƙasa, saboda haka in an yi kuskure ba sai an koma farko ba, tsibin da ake shakka kaɗai za a sake.

Mu ɗora lambarmu bisa wannan tsani. Wuri 775.000 ja 155.000 ne na biyar-biyar. Hauya 38.750 ce, tsibin metan 3.875, tsibin dubu 775. In an zuba cikin keso, za a cika 38, a bar 15.000 a waje, wato kashi uku cikin huɗu na keso. Gwanin da ke ja sittin a minti guda zai yi awa 43 kafin ya gama. Mutum shida sai sun wuce awa bakwai, ban da tashi salla da cin abinci. Nauyi kuma fa? Wuri guda ya ɗan ɗara giram ɗaya, keso ya kai kamar kilo 23, tarin Barth kuwa ya doshi kilo 880, kayan raƙumi shida ke nan. Wanda ya san wannan zai gane inda aka samo maganar nan da muke yi har gobe, cewa an biya kuɗi wuri na gugar wuri. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce.

Sai batun suna, wanda shi ne ya gagari ɗalibaina. Kai tsaye ana cewa zambar ɗari bakwai da saba'in da biyar, domin zambar ita ce kalmar da ake ninka dubu da ita. Amma Bahaushe yana da wata hanya, ta ragewa, irin wadda muke ji cikin « ashirin ba ɗaya » ko « ɗari gaira biyar ». Da ita ana iya cewa keso arba'in ba ɗaya, gaira hamsa: keso 39 su ne 780.000, a cire 5.000. Wannan hamsa tana cikin jerin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci ta ba su aiki sabo. A Larabci arba huɗu ce, hamsa biyar, sitta shida. A kasuwar Hausa sai arba ta zama 4.000, hamsa 5.000, sitta 6.000, saba'a 7.000, tamanya 8.000, kamar yadda alfyan take 2.000. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara irin waɗannan, tare da zangu, wato wuri ɗari, da minya da arbaminya da hamsaminya. A ganina dalilin a fili yake: inda dubu ta zama abin faɗa sau ɗari a wuni, baki yakan gaji da maimaita ta, sai ya taƙaita.

Abin da ke cikin cikin lambar

Wuri yana da wata halitta da ta bambanta shi da azurfa ko gero: ba ya rabuwa. In ka fasa shi ya tashi daga kuɗi. Saboda haka duk lissafin wuri lissafi ne na cikakkun lambobi, kuma tambayar da ke gaban mai rabo kullum ita ce, shin wannan adadi zai rabu daidai, ko zai bar saura? Wannan tambaya ce ginshiƙin wani babban reshe na ilimin lissafi da ake koyarwa a jami'o'in duniya.

Masana lissafi sun tabbatar tun zamanin Yunanawa cewa kowace cikakkiyar lamba an gina ta da wasu lambobi da ba su rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11. Mu kira su tubala. In an rushe 775.000 za a samu 2 sau uku, 5 sau biyar, da 31 guda: 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 5 × 5 × 31. Daga waɗannan tubala tara ake fitar da duk lambobin da ke raba ta ba saura, kuma su 48 ne, daga 1 har zuwa ita kanta. Biyu-biyun da biyar-biyar ɗin gadon tsanin ƙirga ne. Talatin da ɗayan ita ce ta wannan ciniki kaɗai: lambar 25.000 ce sau 31. A Kano, a 1851, Barth ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2.500. Bisa wannan farashi sayayyarsa ta kama dala 310 cif, ƙasa da sulusin abin da ya zo cikin sukari.

Keso ya fi ban sha'awa. Tubalansa 2 sau biyar ne da 5 sau huɗu, wato 32 × 625, kuma lambobi 30 ke raba shi daidai. Ana iya raba shi biyu, huɗu, takwas, sha shida, har talatin da biyu, ba a fasa wuri ko ɗaya ba. Sumuninsa 2.500 ne, daidai da dala guda a farashin da muka ambata, ke nan keso dala takwas ne.

Wannan 32 tana da muhimmanci ga Damagaram musamman. Barno ba ta karɓi wuri a matsayin kuɗi ba sai a ƙarshen shekarun 1840. Kafin nan da gabaga ake ciniki, wato ƙyallen saƙi, da kuma wani tsohon ma'auni da ake kira ratal. Da wuri ya shigo sai aka ɗora shi bisa tsohon tsari: wuri takwas gabaga ɗaya, gabaga huɗu ratal ɗaya, ke nan ratal wuri 32 ne. Gustav Nachtigal, wanda ya isa Kukawa a 1870, ya ga ana ƙirga su huɗu-huɗu. To ga Zinder a tsakiya, tana kai gaisuwa Kukawa inda ake ja huɗu-huɗu, tana ciniki da Kano inda ake ja biyar-biyar. Dubu guda ba ta shiga ratal daidai, takan ba da 31 ta bar wuri 8. Sai an kai arba, wato 4.000, kafin tsarin biyu su haɗu a kan ratal 125. Keso kuwa, da yake arba biyar ne, ratal 625 ne ba ragi ba ƙari. Lambar Barth ba ta samu wannan sa'a ba. Tubalin 2 guda uku gare ta, ratal kuwa yana neman biyar, shi ya sa take ba da ratal 24.218 ta bar wuri 24, gabaga uku ke nan. Dillalin da ya zauna a Zango tsakanin Babarbare da Bakano irin wannan juyi ne abincinsa na kullum.

Akwai tubali guda da babu shi cikin keso, babu shi cikin dubu, babu shi cikin lambar Barth, shi ne 3. Rashinsa ba ya damun ɗan kasuwa, amma yana damun alƙali. Kason gado a shari'a rabi ne, da rubu'i, da sumuni, da sulusi, da sulusi biyu, da sudusi. Uku na farko ƴaƴan 2 ne, uku na ƙarshe sai da 3. A ce mutum ya rasu ya bar wuri 775.000, da mata, da uwa, da ƴaƴa. Sumunin matar zai fita sarai, 96.875. Sudusin uwar kuwa 129.166 ne, kuma rabon shida ɗin zai bar wuri 4 a tabarma. Yaron lakwal yana iya gane haka tun bai raba ba, in ya tara 7 da 7 da 5 ya samu 19, wadda ba ta rabuwa uku. Malaman rabon gado sun san inda gizo ke saƙa, shi ya sa asalin lissafinsu yake komawa ga lambobi irin 6 da 12 da 24, waɗanda suka haɗa 2 da 3.

Malaman ƙasarmu ba su tsaya ga gado ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimin lambobi, inda ake jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ilimin lamba a ƙasar Hausa yana da ƙafa biyu, ɗaya a zauren malam, ɗaya a rumfar dillali.

Daga ina duk wannan wuri?

Babu teku a Damagaram, kuma wurin da aka yi kuɗi da shi ko a Tekun Atlantika ba a samunsa. Daga tsibiran Maldif yake, cikin Tekun Indiya. Jiragen Holan da na Ingila suke kwaso shi zuwa Turai, daga can a sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, sa'an nan fatake su hauro da shi ta Nufe. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Jan Hogendorn da Marion Johnson, waɗanda suka wallafa bincikensu a kan wannan kuɗi a 1986, sun ƙiyasta cewa tsakanin 1700 da 1790 Holan da Ingila sun kawo wuri kimanin miliyar 10, wato miliyan dubu goma. Gwanin nan namu mai ja sittin a minti, da za a ba shi wannan tari, sai ya shekara 63 yana ƙirga ba barci ba hutawa.

Daga 1845 ƴan kasuwar Hambug ta Jamus suka gano wani irin wuri a gaɓar Zanzibar, wanda ya fi na Maldif girma da araha, Faransawa kuma suka bi sahunsu. Tsakanin 1851 da 1869 an zubo kimanin miliyar 14 na wannan sabon iri, fiye da abin da aka kawo cikin shekara casa'in na ƙarnin da ya gabata. Abin da ya biyo baya kowane ɗan kasuwa zai iya hasashensa. Dalar da take 2.500 a Kano zamanin Barth ta kai wajen 5.000 a shekarun 1890. Lambobi suka kumbura, dukiya ba ta ƙaru ba, aikin ƙirga da na dako ya ninka. Wannan ya faɗo daidai zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya gina ganuwar Birni, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya faɗaɗa ƙasar. Fadar da ke ciyar da dakaru, tana sayen bindiga daga arewa, tana aika gaisuwa Barno, ba ta rabuwa da lissafin zambar ɗari-ɗari.

A nan wajibi ne mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Da yawa daga cikin wurin da jiragen Turawa suka sauke a gaɓa, mutane aka saya da shi. A cikin ƙasa kuma, da yake kuɗin ya yi nauyin da dakonsa ke cinye shi a tafiya mai nisa, sai manyan ƴan kasuwa suka nemi abin da zai tsaya a madadin keso da yawa: azurfa, tufa, doki, da bawa, wanda ke tafiya da ƙafarsa. James Richardson, shugaban tawagar da Barth ya zo cikinta, ya zauna Zinder a watannin Janairu da Fabrairu na 1851, ya kuma rubuta yadda sarki ya fita hari ya komo da kamammu don biyan bashin fatake. Cikin manyan lambobin kasuwar nan akwai waɗanda farashin ɗan Adam ne.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane yana tare da Barth a Zinder lokacin sayayyar. Dorugu yaro ne ɗan Dambanas, kusa da Kance, wanda aka kama aka sayar, Adolf Overweg abokin tafiyar Barth ya ƴanta shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya bi shi Ingila a 1855. A can ya zauna da James Frederick Schön, wanda ya dogara da bakinsa wajen rubuta nahawun Hausa na 1862 da littafin Magana Hausa na 1885. Yaron da aka taɓa yi wa farashi da wuri, Hausarsa ta Damagaram tana cikin harsashin rubutun boko na harshenmu.

Wuri ya tafi, biyar ta zauna

A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A ƙarshen Yuli na 1899, bayan yaƙin Tirmini, Faransawa suka shiga garin, wanda ya zama babban birnin mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926. Sabbin masu mulki suka nemi haraji da tamma, kuɗinsu. Sannu a hankali wuri ya fice daga baitulmali, ya fice daga babbar kasuwa, ya koma adon ƴanmata da kayan masu duba. Abin da ake saya da wuri dubbai ya koma na tamma ƴan kaɗan. Manyan lambobi suka bar rumfa suka koma ofis, ofis kuwa Faransanci yake ji. Keso da zangu da hamsa suka rasa abin ƙirgawa, bakuna suka sake su. Hausa ba ta gaza ba, aikin ne aka karɓe mata.

Amma hannu bai manta ba. Sunan dala, wanda dā na azurfar Mariya Tareza ne mai ɗauke da shekarar 1780, ya koma kan tamma biyar ta Faransa, ya kuma zarce kan kuɗin sefa da aka ƙirƙiro a 1945. Har yau a kasuwar Dole ba mai cewa tamma ɗari, sai dala ashirin. Tamma 500 dala ɗari ce, tamma 1.000 kuma jika, wato dala metan. Yarinyar da ke yi wa uwarta talla, in an ce dala saba'in da biyar, ta san 375 ne a rubuce, kuma ba ta taɓa kuskuren canji. Ita ce kuma za a ba sifili a aji saboda ta kasa rera jadawalin biyar da Faransanci. In mun mai da lambar Barth kuɗin yau, tamma 775.000 jika 775 ce, daidai da yawan tsibin dubu na wancan zamani, kuma dala 155.000 ce, daidai da yawan jan da mai ƙirga zai yi. Biyar-biyar ɗin nan da Barth ya gani a Tasawa ita muke yi har yanzu, ba mu sani ba.

Abin da ya rage gare mu

A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a 1973. A watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka tana iya ba harshe kujera, amma ba ta iya sa masa kalmomi a baki. In ranar da za a karanta kasafin kuɗin ƙasa da Hausa ta zo, ko ranar da za a koyar da rabawa da tubalan lamba a kwaleji da ita, da waɗanne kalmomi za a yi?

Ba ina kiran a komo da keso cikin banki ba ne. Miliyan da miliyar sun zauna a bakin jama'a, kuma aro ba abin kunya ba ne ga harshen da ya ari ashirin da talatin daga Larabci ya ajiye gomiya biyu da gomiya uku. Abin da nake roƙo biyu ne. Ƙungiyoyin al'adu su zauna da tsofaffin dillalai da ƴan koli da malaman gado na Birni da Zango, da na Mirya da Magarya da Matamai, su rubuta kalmomin ƙirga da dabarun lissafin ka da suka rage a bakinsu, tun ba a kai su kushewa tare da su ba. Mu kuma malamai, na harshe da na lissafi, mu daina fara darasi daga inda yaro bai sani ba alhali yana da abin da ya sani. Wanda ya iya juya dala zuwa tamma ya riga ya iya ninkawa. Wanda aka nuna wa dalilin da ya sa keso ke shiga ratal daidai, dubu kuwa ba ta shiga, ya fahimci tubalan lamba kafin ya ji sunansu da Faransanci. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mako guda bayan waccan safiya na shigo ajin da tiya biyu ta wake. Na raba yara shida-shida, na ce su ja biyar-biyar, su tara hauya, su tsiba metan. Kafin a buga ƙararrawa kowane rukuni ya san yawan abin da ke gabansa, wata yarinya kuma ta ce kakarta takan ce zangu, ita dā ta ɗauka sunan mutum ne. Da za mu tashi sai yaron nan mai cewa Hausa ba ta kai ba ya ɗaga hannu, ya tambaye ni yadda mutanen dā za su faɗi miliyar guda. Na ce ya nemo da kansa. Washegari ya kawo mini takarda, ya raba 1.000.000.000 da 20.000, ya rubuta amsarsa a ƙasa: keso zambar hamsin.